Rigar da Na Kai wa Baba Ludayi Damagaram

Tun ranar da na dawo daga Damagaram ban yi ɗinkin kirki ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Kinkinau, maimakon ya miƙo yadi, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Malam Sabo, ya hanya? Ka gan shi da idonka?" Na ba wannan labari, na ba wancan, kowa da inda yake so in fara. Abin da ya sa na ga gara in rubuta gaba ɗaya shi ne, abokin tafiyata Haruna mai gyaran waya yana can Rigasa yana ba da nasa, kuma a nasa labarin shi ne mai hankalin tafiyar. To ga nawa.

Ga wanda bai sani ba, Baba Ludayi ɗan wasan barkwanci ne a Damagaram. Shi da mutanensa ba fim suke yi ba. Dandamali suke hawa a gaban jama'a, rabi magana rabi waƙa, ga kalangu ga gurmi. Na fara jin muryarsa a kaset a teburin Mamman mai shayi, wani mutumin Nijar da ke bakin layinmu. Daga kaset muka koma faifai, daga faifai muka koma waya, yau shekara ashirin da wani abu ke nan. Babu wasansa da ban haddace ba. Na san inda yake tari da gangan, na san inda yake jan shiru kafin ya saki maganar da za ta kayar da mutane daga kan benci. A majalisarmu ni ake kira Ludayin Kinkinau, domin nakan ɗauki waƙarsa in cire sunan da ke ciki in sa na wanda ke kusa. Akwai wani direba Bazamfare, Bala, da na taɓa yi wa waƙa a kan yadda yake cin ƙosai. Mako guda ana rera ta, har ya daina zuwa shan shayi. Ni a lokacin cewa na yi mutumin ba ya da raha.

Mamman ne ya gaya mini cewa ƙafafu sun matsa wa Baba, ana jin wasan da zai yi a ƙarshen wata shi ne na sallama. Ya ce ɗan kawunsa Isufu ne ke buga masa kalangu, in ina so zai haɗa mu. Ban bari ya rufe baki ba.

Da yake ba a zuwa gaban babba hannu biyu, na yanke shawarar ɗinka masa babbar riga. Na samo shadda ruwan toka mai nauyi, na zauna mata mako bakwai, na zuba mata aikin da ban taɓa yi wa wani alhaji ba. Awo kuwa a waya na ɗauka. Na tsayar da bidiyo, na gwada tsayinsa da na ƙofar da ke bayansa, na yi lissafina na tela. Ranar da na gama na sa ta a jikina na tsaya gaban madubi, na ɗaga kafaɗa, na zuba hannu a aljihu. Matata, Maman Fati, ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya tana kallona.

"Baban Fati, shekara goma sha tara ban ga ka yi wa kanka irin wannan ba, ballantana ni."

"Ba za ki gane ba," na ce.

"Allah ya sa shi ya gane."

Na ninke rigar, na naɗe ta a farin ƙyalle, na bi bakin ƙyallen da zare da allura na ɗinke don kada ko ƙuda ya sauka a kanta.

Haruna kuwa ba don Baba Ludayi ya biyo ni ba. Cewa ya yi ba zan iya ƙasar Faransanci ni kaɗai ba, shi kuma ya taɓa yin wata ɗaya a Kwatano wajen wani dillalin motoci, saboda haka harshen a bakinsa yake. Na yarda, domin ban da hanyar gwada shi.

Bayan sallar asuba muka shiga mota a Kawo. Har muka wuce Zariya ina kunna wa fasinja wasannin Baba a waya, ina riga shi faɗin abin da zai faɗa. Wata hajiya mai sayar da turaren wuta ta yi dariya sau biyu, sannan ta ce, "Malam, ko dai ka bar shi ya yi, ko ka kashe ka yi mana da kanka." Wani dattijo a gaba ya ce shi ya zaɓi a kashe duka biyun. A Kano muka canza mota, muka ci gurasa a tsaye, muka kama hanyar Daura. Direban wannan motar ya ji an ce Haruna mai gyaran waya ne, ya miƙo masa tasa ta baya. Kafin mu kai Kazaure mutum huɗu sun miƙo nasu. Haka ya yi tafiyar da wayoyin mutane a cinya, yana hura ramin caji yana tsaki.

Da la'asar muka isa bakin iyaka. Ɓangarenmu muka wuce da takardar da na riƙe a hannu, sai a ɗaya ɓangaren wani jandarma dogo, siriri, mai tsabtar kaki, ya ce kowa ya fito da katin shaida. Haruna ya taɓa ni ya ce in bar masa. Ya gyara hula, ya matsa, ya saki wasu kalmomi masu yawan fita ta hanci. Jandarman ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce da Hausa tas, "Malam, yi Hausa, kar ka wahalar da mu mu biyu."

Sai ya juyo kaina. "Mushe, katinka."

Na waiwaya baya in ga ko wata dabba ce ta mutu a gefen hanya. Babu komai. Na nuna ƙirjina. Ya gyaɗa kai.

"Ranka ya daɗe," na ce, kuma na san muryata ta tashi, "ni ne mushen? Wa ya mutu? Ni da na taso tun daga Kaduna da ƙafata!"

Duk waɗanda ke layin suka fashe da dariya. Wata tsohuwa mai ƙullin kaya a ka ta ja hannun rigata ta ce, "Ɗana, girmama ka ya yi. Nan haka ake ce wa malami da ma'aikaci." Na dubi Haruna, mai wata ɗaya a Kwatano. Yana duban sama.

Na sa hannu aljihu, babu kati. Na duba na wando, na duba jaka, na zazzage ta a kan tebur: buta, carbi, man shafawa, silifas, ƙullin dambun naman da Maman Fati ta sa mini. Babu. Direba ya fara danna ham. Gumi ya jiƙa mini hula. Jandarman bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, cewa kawai ya yi in ba kati, sai dai in koma inda na fito. Sai ya nuna farin ƙyallen ya ce, "Wannan fa?" Ina buɗe baki in ce masa wannan ba a taɓawa, sai na tuna madubi. Na tuna hannuna a aljihu. Na zauna a ƙasa a bakin iyakar ƙasa biyu, na ari reza wajen wani mai yankan farce, na farke ɗinkin da na yi da hannuna. Katin yana cikin aljihun rigar, kwance lafiya lau.

Jandarman ya ɗaga rigar ya duba aikin ya ce, "Ta wane ce?" Na gaya masa. Fuskarsa ta saki, ya ce shi ma tun yana yaro yake kallonsa. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka riga shi sawa, Mushe."

Daga nan zuwa Damagaram ban kunna wa kowa komai ba.

Abin da na fara lura da shi a can shi ne, mutane ba sa ihu. Mu a Kaduna in za ka gaisa da mutum a tsallaken titi sai unguwa ta san kun gaisa. Su kuwa magana suke yi kamar akwai mara lafiya a ɗakin kusa. In na yi sallama a wuri sai in ga an ɗan zabura. Ɗan sanda ya busa usur sau ɗaya, motoci su tsaya, har da masu babur. Na ce wa Haruna wannan ɗan sandan a kawo shi shataletalen Kawo ya yi kwana ɗaya, mu ga ko usur ɗin zai dawo gida.

A tasha muka tare masu babur biyu, waɗanda mu muke ce wa 'yan acaɓa su kuma suke ce wa kabu-kabu. Isufu ya ce mu same shi inda suke gwajin wasa, na kuwa manta sunan unguwar, sai na ce a kai mu wajen su Baba Ludayi. Mai babur ɗin ya ce, "To, gidan tiyata za ku. Hau."

Na ja da baya. "Wace tiyata? Wa za a yanka? Malam, lafiyata lau! Lafiyata lau, wallahi!"

Ya dube ni, ya dubi ɗan'uwansa. Ashe su wasan kwaikwayo suke kira haka, ko wani abu mai kama da haka. Inda mu ake kwantar da mutum a farke masa ciki, su nan suke zuwa dariya.

Isufu mutum ne kakkaura mai fara'a, ya kai mu gidansa ya sauke mu a zauren da ya share ya shimfiɗa mana katifa biyu. Matarsa ta aiko da dambu da zogale da man gyaɗa, na ci har na ji kunya. Da safe aka kawo burodi dogo, mai tauri kamar sandar makiyayi. Na nemi a ba ni wuƙa, aka ce da hannu ake karyawa. Aka ba mu cuku, busasshen nono ne falle-falle, na tauna na tauna har haɓata ta gaji, Isufu ya ce a shayi ake jiƙawa. Shayin kuma ba irin na Mamman ba ne mai madara a babban kofi. Ɗan mitsitsin kofi ne, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Na daure na shanye na yi godiya na miƙe, aka ce in zauna, saura biyu. Sai an yi zagaye uku ake tashi, kuma tsakanin kowane zagaye akwai hira. A cikin wannan hirar ne Haruna ya kwance wa Isufu labarin bakin iyaka da na mai babur, yana tashi tsaye yana kwatantawa. Isufu yana dariya yana cewa, "Sake hwaɗi, mi ya ce?" Ni ma ina dariya, ina gyara wa Haruna inda ya yi kuskure. Da bakina na gyara.

Da hantsi aka kai mu gidan Baba. Na yi wanka sau biyu. A hanya ina ta maimaita abin da zan faɗa.

Mun tarar da wani ɗan ƙaramin tsoho zaune a tabarma a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ya miƙe ƙafafu a kan matashi, sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Yana ware ƙwayoyin magani a murfin kwano. Na yi masa sallama na wuce ina neman ƙofar da za a shiga wajen Baba, sai Isufu ya riƙo ni. Shi ne. Mutumin da na auna da ƙofa ashe ko kafaɗata bai kai ba. Daga baya na gane ƙofar wasan ce ƙarama, da gangan suka yi ta.

A gida ba a ce masa Ludayi. Malam Lawali ake ce masa. Na durƙusa, na gaishe shi, na zuba duk abin da na tanada: shekara ashirin, kaset, majalisa, yadda ake kirana a Kinkinau. Ya saurara yana gyaɗa kai. Fuskarsa kamar ta mai karɓar gaisuwar mutuwa. Na ga abin bai kama ba, sai na miƙe na yi masa wasansa na mai unguwa kurma, tun daga farko har waƙar ƙarshe, da rawar da komai. Kaji suka watse. Da na gama ina haki, ya ce, "A baiti na biyu ba tulu na ce ba. Randa na ce."

Na miƙa rigar. Ya warware ta, bai dubi aikin gaba ba sai da ya juya cikinta ya bi ɗinkin da babban yatsa, yadda masu sanin kaya suke yi. Ya daɗe a kai. Sannan ya ce, "Madalla. Allah ya saka." Ya ninke ya tura bayansa. Mako bakwai ke nan.

Sai ya ce, "Isuhu ya ce kun sha wuya a hanya."

Nan fa na samu abin da yake so. Ya yi ta tambaya: mi jandarman ya ce, kai kuma mi ka ce, da wane hannu ka nuna ƙirjinka, a tsaye kake ko a zaune? Ya sa na maimaita "lafiyata lau" sau uku. Ina yi yana kallon bakina da ƙafafuna. Da muka fito na ce wa Haruna, "Ka ga manya? Bai yi dariya ba, amma ka ga yadda ya damu da wahalar da muka sha?"

Washegari bayan la'asar aka yi wasan, a wani fili mai katanga da dandamalin siminti. Wurin ya cika, maza gefe, mata gefe, wasu a kan katanga. Aka zaunar da mu a bencin gaba, kusa da wasu manyan gari. Na ji kaina ya yi girma.

Abin da na gani a ranar waya ba ta taɓa nuna mini shi ba. An riƙo tsohon nan ta hannu biyu har bakin labule, ina hango shi ta gefe yana jan ƙafa. Isufu ya saki kalangu, sai kawai mutumin ya miƙe kamar an zare masa shekara talatin, ya faɗo dandamali da tsalle. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya yi mai unguwa kurma, na kasa kunne, randa ya ce. Ya yi malamin makaranta mai tsoron ƙadangare. A can ba a zama a yi kallo shiru. In ya ba da waƙa jama'a ne 'yan amshi, in ya yi tambaya daga kan katanga ake ba shi amsa, shi kuma ya mayar wa mutum nan take. Na yi dariya har na zame daga benci. Na yi kuka ma, ba na ɓoyewa. Na ce a raina ko yanzu aka ce in koma Kaduna, tafiya ta biya.

Da ma an ce in koma ɗin.

Aka ja labule, aka sake buɗewa. Sai ga wata murya daga baya, da ƙarfi kamar ta mai tallan magani a tasha: "Salamu alaikum! Ina ogan wurin nan? Ku matsa, daga Kaduna nake!"

Ya fito sanye da rigata. A baibai ya sa ta, aikin yana baya, wuyan yana shaƙe shi, gindinta yana share ƙasa, yana takawa yana tuntuɓe. Ya rungume wata ƙatuwar jaka. Ya ɗaga kafaɗa, ya zuba hannu a inda aljihu ya kamata ya kasance. Tafiyata ce. Wallahi tafiyata ce, har yadda nake ɗan jefa ƙafar hagu, abin da ni kaina ban san ina yi ba sai ranar. Wani ya fito da kakin wasa ya ce, "Mushe, katinka." Baba ya waiwaya baya, ya leƙa ƙarƙashin benci, ya toshe hanci. Filin ya ɗauka. Ya zazzage jakar: buta, silifas, tukunya, kaza mai rai. Sannan kalangu ya canza, ya fara:

"Mutan Kaduna sun iso,
Da babbar murya sun iso.
An ce mushe, ya ce wa ya mutu?
An ce tiyata, ya kama cikinai."

Jama'a kuma, kamar sun shekara suna koyo, suka amsa: "Lafiyata lau! Lafiyata lau!"

Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwar Barci. Na so in yi dariya don kada a gane, bakina ya ƙi. A wannan lokacin, ban san dalili ba, Bala direba ne ya faɗo mini a rai, yadda yake ajiye kofinsa a hankali ya tashi in na fara. Ina cikin haka Isufu ya ɗaga makaɗinsa ya nuno ni. Duk filin ya juyo. Wani babban mutum da ke kusa da ni ya kama hannuna ya ɗaga sama kamar na ci dambe. Aka yi ta tafi. Na tsaya ina murmushin wanda aka taka wa ƙafa a sahun salla.

Haruna yana gefena yana ɗauka a waya, yana dariya har hawaye na zuba. Sai ga wani ɗan wasa ya fito ya gyara hula, ya matsa gaban mai kakin, ya toshe hanci ɗaya ya fara gurnani kamar rago mai mura. Mai kakin ya ce, "Malam, yi Hausa." Dariyar Haruna ta tsaya cak. Waɗanda suka ga bidiyon da yake yawo da shi a Rigasa za su lura akwai inda hoton ya yi tsalle. Wurin ke nan.

Ana tashi na zagaya bayan labule. Niyyata in karɓi rigata. Na shirya maganar: ni baƙo ne, na zo da girmamawa, ba haka ake yi ba.

Na same shi kwance a tabarma, an cire masa rigar an rataye, Isufu yana danna masa ƙafafu da tsumma mai ruwa. Numfashinsa yana fita da ƙyar. Leɓensa ya bushe. Ya buɗe ido ya gan ni, ya nuna mini gefen tabarmar.

"Ka ji haushi," ya ce.

"A'a, Baba."

"Ka ji. Na gani daga sama. Kai kaɗai ne ba ka amshi ba."

Na zauna a gefen tabarmar. Sannan abin ya fito da kansa. "Baba, mako bakwai na yi a kanta. Ko sau ɗaya ba ka sa ta daidai ba."

"Na sa. Jiya da kuka tahi na sa, na tsaya gaban iyali. Babu wanda ya yi dariya. Tsohuwata cewa ta yi ashe haka nike." Ya yi tari, na gaske wannan karon. "In na hito da ita daidai, ɗinki za su kalla, ba ni ba. Ta hi ƙarhin sana'ata, Malam Sabo."

A rayuwata ta tela ba a taɓa yaba mini aiki haka ba. Haushin ya fara sauka. Sai ya ci gaba.

"Wata uku ban samu sabon abu ba. Na ɗauka kan ya ƙahe, shi ya sa na ce zan bari. Sai ga ka." Ya ɗaga yatsa ya nuna rigar. "Mutanen Maraɗi sun gani, suna son wannan wasa. Amma ko a baibai tana da kyau da yawa. Akwai keken ɗinki gidan maƙwabcina. In ba za ka tahi da sassahe ba, ka sa mata haci. Manya, masu kala. Ka rage mata tsawo ta gaba kaɗai, don in riƙa takawa ta baya."

Na dube shi in ga ko wasa yake. Fuskar nan ta gaisuwar mutuwa ce.

Haka na ƙara kwana ɗaya a Damagaram. Da safe na zauna a kan keken wani tela da ban sani ba, na ɗauki almakashi na sa a shaddar da ko ƙuda ban yarda ya taɓa ba. Yankan farko sai da na rufe ido. Na sa mata faci ja a kafaɗa, kore a gindi, wani na atamfa mai hoton kifi a tsakiyar aikin. Tun ina yi da ciwon rai har na tsinci kaina ina ja da baya ina dubawa, ina cewa a'a, wannan kifin in ya karkace zai fi ban dariya. Na farke na sake. Mai keken ya ce bai taɓa ganin wanda ya ɓata riga da natsuwa irin haka ba. Da na kai wa Baba, ya juya cikinta, ya bi facin da babban yatsa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ba sauti. Isufu ya ce mini shekara takwas yana tare da shi, sau biyu ya taɓa ganin haka.

A dawowa babu abin da ya faru. Katina yana hannuna tun daga tasha, har ya jiƙe da gumi. Ni da Haruna mun yi alkawari a mota cewa abin da ya faru a Damagaram ya tsaya a Damagaram. Ya rantse. Ban san ya riga ya tura wa mutum goma sha ɗaya tun muna can ba.

Na iso gida ana kiran magariba. Maman Fati ta karɓi jaka, ta kawo ruwa, ta zauna nesa kaɗan tana tsince shinkafa a faranti.

"Sannu da hanya, Baban Fati. Ya karɓi rigar?"

"Ya karɓa."

"Ya sa?"

"A gaban jama'a ma. Gari guda ya gani."

"To alhamdulillahi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ya jikin naka? Ka sha hanya."

Na buɗe baki zan amsa, sai na ga gefen bakinta yana motsi. Na rufe. Ta jira, na ƙi. Ta tashi da farantinta ta shiga madafa, daga can na ji ta tana amsa wa kanta da "lafiyata lau", a hankali, da karin waƙar daidai, har da inda kalangu yake shiga.